Rubutun Allo Da Rubutun Takarda

Kowane mai sana'a yana da wani ɗan gyara da yakan yi wa kayan aikinsa wanda maƙerin kayan bai san da shi ba. Manomi yakan sassaƙe ƙotar fartanyarsa har ta kwanta masa a hannu. Tela yakan naɗa ƙyalle a wuyan kekensa don ya riƙa soke allura. Direban babbar mota yakan ɗora matashi bisa kujera domin ya hango hanya sosai. A zamanin da, irin wannan gyara yakan zauna muddin kayan suna da sauran amfani, har ma ɗa ya gaji fartanya tare da sassaƙar ubansa. To, amma yanzu an shigo da wani irin kayan aiki wanda maƙerinsa ba ya sakinsa. Ko bayan mutum ya karɓa ya kai gida, maƙerin yana nan yana aiko da sabo ta intanet, a ɗauke tsohon a dasa sabon a gurbinsa, wani lokaci ma mai kayan yana barci. Wannan kaya shi ne manhajar kwamfuta, canjin kuwa shi ake kira sabuntawa. Abin tambaya a nan shi ne, in an ɗauke fartanya an kawo sabuwa, ina sassaƙar da manomi ya yi za ta tafi?

Wani dattijo a birnin Bauchi ya sami amsar wannan tambaya, amma sai da ta kusa raba shi da sana'ar da ya fi shekara 40 yana ci da ita.

AKAWU TUN ZAMANIN TAFIRETA

Gidansa yana cikin ganuwa, ta wajen Ƙofar Wunti, a tsohon garin da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a farkon ƙarni na 19. Ya shiga aikin gwamnati yana saurayi cikin shekarar 1976, watau shekarar da Janar Murtala Muhammad ya raba Jihar Arewa Maso Gabas aka sami Jihar Bauchi ran 3 ga watan Fabrairu, sababbin ma'aikatu suka buɗe, kowane ofis yana neman wanda ya iya buga tafireta. Ya yi shekara 35 yana bugawa, ya yi ritaya cikin 2011. Waɗanda suka yi aiki tare da shi sun san shi da abu guda, watau takardar da ta fito daga hannunsa ba a mayar da ita saboda kuskure. In wasiƙar ta Hausa ce, da ya zare ta daga tafireta sai ya ɗauki alƙalami ya bi ta layi layi yana yi wa haruffa ƙugiya, domin galibin tafiretocin da ake kawowa daga Turai ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Yakan ce wa yaran ofis, harafin da aka bari ba ƙugiyarsa kamar magidancin da ya shiga kasuwa ba hula ne.

Da ya bar aiki bai naɗe hannu ba. Bauchi gari ne na masu alƙalami, garin Malam Sa'adu Zungur da Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubucin littafin Shaihu Umar, kuma gidaje da dama suna da gafaka cike da takardun iyaye da kakanni. Sai mutane suka shiga kawo masa aiki har zaure. Wannan ya kawo waƙoƙin wa'azi da mahaifinsa ya bari cikin ajami yana so a juya masa su zuwa boko, wancan ya kawo tarihin zuriyarsu, ɗalibai kuma su kawo kundayen bincikensu na Hausa. Da ɗan abin da yake samu a nan yake cike giɓin fansho, har ya taimaki na ƙasa da shi.

Kwamfutar da yake aiki da ita tsohuwa ce wadda ɗansa ya bar masa. Mai kula masa da ita kuwa jikarsa ce, wadda a lokacin take karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, jami'ar da aka kafa cikin 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, aka sa mata wannan suna cikin 1988. Yarinyar sunan mahaifiyarsa ta ci, saboda haka ba ya kama sunanta, sai dai ya ce "Uwata". Ita ce ta lura manyan manhajojin ofis sun yi wa tsohuwar na'urar nauyi, ta sa masa wata ƙaramar manhajar rubutu zalla, irin wadda masu ƙirƙirar manhajoji suke aikinsu da ita. Irin wannan manhaja haruffa kaɗai take ajiyewa, ba ado ba zane, don haka abin da aka rubuta da ita kowace kwamfuta tana iya buɗe shi. In an gama sai a kai wa maɗaba'a ta tsara shafuka.

AMFANIN LAUNI GA MAI RUBUTU

Wani abu da waɗannan manhajoji suke da shi shi ne tsarin launi. Suna iya nuna wata kalma da ja, wata da kore, bayan rubutun kuma ya zama fari ko baƙi ko shuɗi, yadda mai aiki ya zaɓa. Launin nan ba ya shiga cikin rubutun, a fuskar kwamfuta kaɗai yake tsayawa, kamar mutum ya sa tabarau mai duhu, shi kaɗai yake ganin duniya ta sake. Masu ƙirƙirar manhajoji da shi suke rarrabe umurni da lamba da bayani cikin dubban layuka. Wannan dabara kuwa tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Alarammomin da suke rubuta Alƙur'ani mai girma da hannu a nan da ƙasar Barno sun daɗe suna rubuta harafi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da ɗigon rawaya, domin ido ya rarrabe kafin harshe ya furta. Ba banza ba ake kiran harafi baƙi, ana kiran matakin farko na karatun allo babbaƙu.

Sa'ad da dattijon nan ya doshi shekara 70 sai ganinsa ya fara raguwa. Farin hasken kwamfuta ya zama yana ɗaukar masa ido, in ya yi awa guda yana aiki sai hawaye su shiga zuba. Abin da ya fi damunsa shi ne ƙugiyar nan da ya yi rayuwarsa yana tsaronta ta fara ɓace masa. Tsakanin k da ƙ ɗan lanƙwasa ne a ka wanda bai kai ƙwayar gero ba, amma shi ne tsakanin kafa da ƙafa, da kasa da ƙasa, da baki da baƙi. Haka d da ɗ, su ne suka raba fada da faɗa, b da ɓ kuma suka raba bari da ɓari. Mai karanta Hausa yakan gane nufi daga abin da ke gaba da baya, amma a waƙa, inda kowace kalma take da nauyi, ƙugiya guda tana iya juyar da maganar malami ta koma abin da bai faɗa ba.

Jikar ta ce akwai magani. Suka zauna a zaure bayan sallar la'asar har kwana 3 suna gwada launuka, tana canzawa yana dubawa. A wurin kwamfuta kowane launi gauraye ne na haske 3, ja da kore da shuɗi, kowanne ana auna ƙarfinsa da lamba daga 0 zuwa 255. In duka ukun suna 0 baƙi ke nan, in duka suna 255 fari ke nan, tsakaninsu kuwa akwai launuka 16,777,216. Ta gaya masa cewa ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar da ma'auni cikin 2008 wanda ya ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1, ga masu raunin gani kuwa 7 bisa 1 ya fi, alhali baƙi ƙirin a kan fari fat 21 ne bisa 1. Ya ce ya ji, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ƙarshe suka tsaya a kan baya mai duhun shuɗi kamar turkuɗi, rubutu mai launin madara, kalmomin Larabci tsanwa, wuraren da yake shakkar karatun ajaminsu ja, haruffa masu ƙugiya kuwa ruwan goro, suna haskawa cikin layi kamar garwashi. Tun daga ran nan, in ya ga kalmar ƙasa ba garwashi a kanta ya san akwai gyara, ko bai matsa kusa ba.

RANAR DA AKA WANKE ALLO

Ya yi watanni yana aiki cikin jin daɗi. Jikar ta gama karatu aka tura ta hidimar ƙasa a wata jiha can kudu. Ana nan sai wani gida na malamai suka kawo masa babban aiki, waƙoƙin mahaifinsu marigayi, suna so a buga su littafi a raba wa dangi da almajirai a ranar walimar saukar karatun jikokinsa. Aka sa rana, aka ba shi kafin alƙalami. Yana tsakiyar aikin, wata safiya sai saƙo ya fito a fuskar kwamfuta cewa sabon bugu na manhajar ya fito. Ya danna amincewa kamar yadda ya saba sa hannu a takardar ofis. Da manhajar ta sake buɗewa sai ya ga fari fat, rubutu baƙi ƙanana, ba turkuɗi, ba madara, ba garwashi.

Ya duba ko'ina bai ga hanyar mayar da su ba, ga shi rana tana matsowa, ga shi kuma shi ba mai son damun yarinya da waya ba ne tana bakin aikinta. Sai ya daure ya ci gaba, yana bugawa yana share hawaye. Da aka fitar da gwajin farko daga maɗaba'a, babban ɗan malamin ya zo da shi zaure bayan magariba, ya gaishe shi, ya zauna a ƙasa, ya buɗe shafukan da ya yi wa alama. Inda malamin ya yi horo da girmama baƙi an buga baki. Inda ya ambaci ƙasa an buga kasa. Inda ya yi wa wanda aka zalunta nasiha ya daure, an buga ya ɗaure. Mutumin bai ɗaga murya ba, bai kuma yi ƙorafi ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Baba, ko gajiya ce ta yi yawa?"

Wannan magana ta fi zagi yi masa ciwo. Ya shiga gida ya ɗauko kuɗin da aka ba shi ya miƙa, mutumin ya rantse ba zai karɓa ba, suka zauna tare da shi dare 4, ɗan malamin yana karantawa da ƙarfi shi yana gyarawa, har aka fitar da littafin a kan kari. Amma bayan walima sai dattijo ya rufe kwamfutar ya tura ta ƙarƙashin gado. Ya ce wa uwargidansa gwamnati ta yi masa ritaya sau ɗaya, yanzu ido ya yi masa ta biyu. Masu kawo aiki suka riƙa zuwa yana sallamarsu.

Uwargidan ce ta kira jikar ta gaya mata. Yarinyar ta nemi a ba shi wayar, bayan sun gaisa ta ce, "Kaka, rubuce-rubucenka suna nan?"

Ya ce, "Suna nan, ko wasali bai yi ciwon kai ba."

Ta ce, "To, su a jakarka suke, shi ya sa ba abin da ya taɓa su. Launukan kuwa cikin jakar manhajar suke, a kan fayil ɗin da masu ita suka aiko da shi. Da sabuwa ta zo sai ta kwashe jakar duka ta zuba nata."

Ya yi shiru har ta zaci layin ya yanke. Can sai ya ce, "Uwata, ashe a allo aka yi mini rubutun."

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san abin da yake nufi. Almajiri yana rubutu a allo ne da sanin cewa da ya biya ya haddace za a wanke a rubuta na gaba, kuma ba wanda yake ganin laifin malam don ya ce a wanke. Abin da ake so ya daɗe a takarda ake rubuta shi a sa a gafaka. Jakar da manhaja take zaune a ciki allo ce, an yi ta ne don a riƙa wankewa. Masu manhaja ba su da hanyar sanin wane fayil wani mutum a Bauchi ya taɓa cikin miliyoyin kwamfutocin da suka ɗauki aikinsu, don haka abin da suke yi shi ne su sauke sabo a kan tsoho gaba ɗaya.

Dattijo ya ce in haka ne, in an gyara masa ba zai ƙara yarda da wata sabuntawa ba har abada. Jikar ta ce wannan kuma gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ta ba shi misalin wata sananniyar manhajar rubutu mai suna Vim, wadda cikin 2019 aka gano wata kafa a jikinta, ta yadda in mugu ya shirya fayil ya aiko, buɗe shi kawai ya isa ya sa kwamfuta ta bi umurninsa. Da sabuntawa aka toshe kafar. Wanda ya ƙi sabuntawa don tsoron kada zanensa ya shafe kamar mai gidan ƙasa ne da ya ƙi yaɓe kafin damina don akwai ado a bango, ado da bango duka ruwa zai ci.

ƊAKIN MAI GIDA DA ƊAKIN BAƘO

Masu ƙirƙirar manhajojin rubutu sun daɗe da sanin wannan matsala, sun kuwa yi mata tanadi, sai dai mutane da yawa ba su sani ba. Kusan kowace irin wannan manhaja tana da wuri 2. Akwai jakar manhaja, wadda take ta masu ita, akwai kuma jakar mai aiki, wadda sabuntawa ba ta shiga. Sa'ad da manhajar za ta tashi sai ta karanta tsarin da ta zo da shi, sa'an nan ta leƙa jakar mai aiki, duk abin da ta tarar a can shi take bi.

Vim ɗin nan, wadda wani mutumin ƙasar Holan, Bram Moolenaar, ya fitar cikin 1991 bisa tushen wata tsohuwa mai suna vi da Bill Joy ya rubuta a Amurka cikin 1976, tana da fayil na mai aiki da ake kira vimrc, da jakar launuka tasa ta kansa wadda ake dubawa kafin ta manhaja. Sublime Text, wadda Jon Skinner na ƙasar Ostareliya ya fitar cikin 2008, in mutum ya buɗe wurin saiti sai ta raba masa fuska biyu, tsarin asali a hagu don ya karanta, nasa a dama don ya rubuta. Visual Studio Code, ta kamfanin Microsoft, wadda ta fito cikin 2015, ita ma tana da fayil na mai aiki mai suna settings.json inda ake rubuta launukan da ake so su rinjayi na asali. Sunaye sun bambanta, amma ƙa'idar ɗaya ce. Alherin wannan tsari ya bayyana sa'ad da Bram Moolenaar ya rasu ran 3 ga watan Agusta, 2023. Abokan aikinsa suka ci gaba, suka fitar da bugu na 9.1 cikin Janairun 2024, masu aiki da ita kuwa fayilolinsu na nan a jakunkunansu, ba wanda ya taɓa musu.

Da hutun Sallah jikar ta zo gida, ta jawo kwamfutar daga ƙarƙashin gado ta kaɗe mata ƙura. Ta ce masa hanya 2 ce, ya zaɓa. Ko dai a kwafe tsarin launin dukansa a kai jakarsa a sake masa suna, ko kuwa a bar na asali yadda yake a rubuta abin da aka canza kaɗai. Hanya ta biyu ita ce ta malaman zaure, waɗanda ba sa taɓa matanin littafi, sai su yi sharhinsu a gefe. Gajeruwa ce, kuma duk wani gyara da masu manhaja suka yi wa tsarinsu mutum zai amfana da shi. Illarta ita ce in sun sake tsarin asali, abin da ke gaban mutum zai sake, ko da nasa layukan suna nan. An ga haka sa'ad da Vim ta 9.0 ta fito cikin watan Yunin 2022 da tsofaffin launukanta an yi musu kwaskwarima, masu son na da sai da suka je suka ɗauko su daga inda aka ajiye su. Hanya ta farko kuwa abin da ka ajiye shi za ka tarar, amma ba ruwanka da duk wani ci gaba da aka samu, sai in ka ɗauko da hannunka.

Dattijo ya ce shi ba ci gaba yake nema ba, abin da ya gani jiya yake so ya gani gobe. Aka kwafe duka. Da ta tambaye shi sunan da za a sa wa fayil ɗin, domin in ya ci sunan na masu manhaja wata rana ana iya rikita su, sai ya ce a sa masa Idon Tsoho. Sa'an nan ya kafa sharaɗi irin na tsohon akawu, watau a gefen kowane launi a rubuta dalilinsa da Hausa: wannan ruwan goro na haruffa masu ƙugiya ne, wannan ja na inda ake shakka ne. Ta sa kwafi guda a filash. Shi kuma ya ɗauko littafinsa na rubutu ya sa ta tana karanta masa lambobin yana rubutawa da biro, da sunan jakar da inda take. Ta yi dariya ta ce, "Kaka, wannan kuma ai aikin mutanen da ne." Ya ce, "Da tsohuwar zuma ake magani, Uwata." Kafin ta koma kuma sai da ta raka shi asibitin ido, domin launi sauƙi kawai yake kawowa, ba ya maganin yanar ido, ita kuwa yana likitoci suna cire ta da ɗan gajeren aiki.

Sabuntawa ta zo bayan haka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, Idon Tsoho yana nan daram. Amma ranar littafin biro ma ta zo. Kwamfutar ta ƙi tashi, aka kai ta wurin mai gyara, ya yi mata abin da yara suke kira fomatin, watau ya share kome da kome, jakar manhaja da jakar mai aiki baki ɗaya. Filash ɗin kuwa an ara ba a mayar ba. Rubuce-rubucen dai jikar ta riga ta saba masa da aika mata kwafinsu, ba su ɓata ba. Launukan kuwa wani yaron maƙwabta ɗan sakandare, wanda bai taɓa ganin manhajar ba, shi ya buɗe littafin ya bi layi layi ya mayar da su kafin a kira isha'i.

NA KOWA DA NA MUTUM ƊAYA

Akwai wani darasi a cikin tarihin haruffan nan masu ƙugiya su kansu. Kafin shekarun 1930 da ɗigo a ƙarƙashin harafi ko da waƙafi a gefensa ake nuna su, har Hukumar Talifi ta Zariya a zamanin Dokta R. M. East ta tsayar da masu ƙugiya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa cikin Janairun 1939 ta taimaka wajen yaɗa su. Da kwamfuta ta shigo, ita ma kamar tafireta ba ta san su ba. Cikin shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙera salon haruffa na kwamfuta masu ƙugiya, marubuta da maɗaba'u suka sami sauƙi ƙwarai. Sai dai duk irin wannan salon na musamman, a kowane harshe, rubutun da aka yi da shi ba ya fita daidai sai a kwamfutar da aka sa mata shi. Abin da ya kawo ƙarshen wahalar shi ne ma'aunin Unicode, wanda aka fara cikin 1991, ya ba kowane harafi na harsunan duniya lambarsa ta dindindin, har da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Shi ya sa yau mutum zai rubuta ƙ a wayarsa a Bauchi ta isa Maraɗi ko Kumasi da ƙugiyarta.

Watau gyara iri 2 ne. Akwai wanda bukatar jama'a ce baki ɗaya, kamar ƙugiyar harafi. Wannan ba a ɓoye shi a gida, kai shi ake yi wurin masu tsara abin, a nace har ya shiga cikin matani, kowa ya same shi ba da wahala ba. Akwai kuma wanda bukatar mutum ɗaya ce, kamar ruwan goron da idon wani dattijo yake iya gani. Wannan ba wanda zai adana maka shi, kai za ka sa shi a jakarka, da sunanka, da dalilinsa a rubuce. Hasara tana zuwa ne in an rasa bambance su, aka ɗauki abin da yake na mutum aka rubuta shi a allon wasu.

Saboda haka kira na farko ga matasa ne masu shagunan gyaran kwamfuta, daga Wunti har sauran kasuwannin ƙasar nan. Kafin a share na'urar mutum a tambaye shi, a kuma kwashe masa jakarsa dukanta, har da ɓoyayyun fayilolin saiti, domin wani ɗan fayil da bai kai shafi guda ba shi ne idon wani. Kira na biyu ga ɗalibai masu gyara wa iyayensu na'urori. Gyaran da zai lalace ranar da ba ka gari rabin taimako ne, a yi shi a inda zai zauna, a kuma bar bayaninsa cikin harshen da mai abin yake ji. Kira na uku ga ofisoshi da makarantu da maɗaba'u, inda galibi mutum ɗaya ne ya san yadda aka saita kome, in an yi masa canjin wurin aiki sai a koma farko. A rubuta, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, a gwada mayar da shi tun ba a shiga matsi ba, zama rigakafi ya fi magani.

Su kuwa dattawa masu sana'ar alƙalami waɗanda gani ya fara yi musu gardama, kada su yi saurin tura kayan aikinsu ƙarƙashin gado. Gafakoki suna nan cike da takardun da ba a juya ba, masu iya karanta ajamin mutanen da kuwa kullum raguwa suke yi. Allah Ya ƙara wa idanunsu haske, Ya sa na baya su riƙe abin da suka bari, amin.